Ta Ina Ake Shiga Teku da Allon Iska?

 

Yau bakin teku za mu nufa. Za mu yi magana a kan wani wasa da Turawa ke kira winsafin, wato hawan allon iska. Za mu kuma tsaya a kan tambaya guda da mai wannan wasa ke yi kafin ƙafarsa ta taɓa ruwa: ta ina zan shiga?

Bari in fara kwatanta muku wasan, don da yawa daga cikinmu a talabijin kawai muka taɓa ganinsa. Allo ne mara nauyi, tsawonsa ya ɗan haura mita 2, yana iyo a kan ruwa. A bisansa an kafa sanda mai tsawon mita 4 zuwa 5. Jikin sandar an ɗaure ƙyalle mai kama iska. Gindin sandar kuma yana juyawa ta ko'ina. Mutum zai tsaya a kan allon, ya riƙe mariƙin ƙyallen da hannu biyu, iska ta ja shi. Babu inji, babu abin tuƙi. Wasu Amurkawa biyu a Kalifoniya, Jim Drake da Hoyle Schweitzer, su suka nemi rajistar wannan ƙira a 1968, aka ba su a 1970. A 1984 wasan ya shiga gasar Olamfik a Los Anjeles.

To, ga abin da nake so ku riƙe tun yanzu. Allon iska ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. Ratsa ta yake yi. Wanda ke son komawa inda iska ke fitowa sai ya yi ta tafiya a karkace, ya je nan ya dawo can, kuma wannan sai gwani. Ɗan koyo kuwa, duk faɗuwar da ya yi, iska na ƙara tura shi gaba. In sanda ta karye, ko igiya ta tsinke, ko hannu ya gaji, shi ke nan, zaɓi ya bar hannun mutum. Iska da ruwa ne za su kai shi inda suka ga dama.

Saboda haka mai neman wurin shiga, wurin fita yake fara nema. Zan maimaita. Kafin ka nemi inda za ka shiga, nemi inda ruwa zai ajiye ka idan komai ya lalace. Duk wanda ya taɓa ƙetare kogi da damina ya san wannan. Ba ya shiga daidai inda yake son fita. Sai ya haura sama, ya shiga ta can, don ya san ruwa zai ja shi ƙasa kafin ya kai ɗaya gaɓar. Lissafin ke nan, sai dai teku ba ta da ɗaya gaɓar da za ka hango.

Mu shiga kashi na farko: daga ina iska ke busowa?

Ka tsaya a bakin ruwa, ka fuskanci teku. Ka ɗebi busasshen yashi ka sake shi. Ka dubi tuta, ka dubi hayaƙi. Iska iri uku za ka iya tararwa.

Ta farko, wadda ke dukan fuskarka. Daga teku take zuwa, tana turo komai gaɓa. Wannan ba ta ɓatar da mutum. Ko ka faɗi, gida za ta maido ka. Matsalarta ita ce fita. Tana tara raƙuman ruwa su riƙa fashewa a bakin gaɓa, kai kuma kana ƙoƙarin kutsawa ta cikinsu. A nan ake yawan karya sanda, a ruwan da bai wuce ƙugu ba.

Ta biyu, wadda ke dukan kunnenka ɗaya, dama ko hagu. Tana bin tsawon gaɓa. Ita ce ake nema. Da ita za ka fita cikin teku a miƙe, ka juyo, ka dawo kusa da inda ka taso. In ta ɗan karkato tana turowa gaɓa, to madalla, babu wadda ta fi ta ga ɗan koyo.

Ta uku, wadda ke dukan ƙeyarka. Daga tudu take fitowa, ta nufi tsakiyar teku. Jama'a, a nan zan daɗe, don ita ce mai cin mutane.

Dalilin da ya sa take yaudara shi ne kyawunta. Ranar da take busawa, ruwan bakin gaɓa lumui yake, kwance, babu raƙumi ko ɗaya, domin iskar ba ta sami tazarar da za ta tayar da shi ba. Gidaje da itatuwa da tuddai sun kuma tare ta, sai ka ji ta a hankali a jikinka. Ka ce yau ranar koyo ce. Ka hau allo. Ka yi nisan mita 200, ka fita daga kariyar tudu, sai ka haɗu da ainihin ƙarfinta. Ƙyallen ya fi ƙarfinka, ka faɗi. Ka tashi ka jawo shi daga ruwa, ka sake faɗuwa. Kowace faɗuwa tana ƙara nisanta ka da gaɓa, kuma duk nisan da ka ƙara, iska na ƙara ƙarfi, ruwa na ƙara tashi. Ka yi ihu, iskar ta kwashe muryar ta yi cikin teku da ita. Wanda ke tsaye a gaɓa yana ganin ka, yana zaton wasanka kake.

Akwai garin da ya san wannan labari sarai. Sunansa Tarifa, a can ƙarshen kudancin ƙasar Sifen, inda Turai da Afirka suka kusanci juna har tazarar ba ta wuce kilomita 14 ba. Mashigin Jibralta ke nan. Duwatsun ɓangarorin biyu suna matse iska, ta fito da ƙarfi. Iska biyu ke mulkin wurin. Ta yamma suna ce mata Poniyente, daga Tekun Atlantika take zuwa, tana turo mutum gaɓa. Ta gabas suna ce mata Lebante, ta fi ƙarfi, takan yi kwanaki tana busawa, kuma a babbar gaɓar garin daga tudu take karkatowa ta nufi teku. Gaɓa ɗaya, yashi ɗaya, amma jiya wurin koyo ne, yau wurin halaka. Shi ya sa ranar Lebante ake ganin jiragen ceto suna sintiri a wurin, 'yan wasa da yawa kuma sukan koma wani lungu da ke arewa maso yamma, inda wani babban tudun yashi ya kutsa cikin teku yana tare wanda iska ta ja.

Don haka ba a cewa wuri kaza mai kyau ne a yi shiru. Sai a ce mai kyau ne da iskar kaza. Ɗan koyo kuwa, in iska na dukan ƙeyarsa, ya naɗe kayansa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Kashi na biyu: yanayin gaɓar kanta. A nan za mu ƙetaro Afirka, mu sauka Maroko.

A gaɓar Atlantika, tafiyar kamar awa uku a mota daga Marrakesh, akwai garin Essawira, wanda a da ake kira Mogador. Sarki Sidi Muhammad bin Abdullah ne ya gina shi a shekarun 1760, ya zama tashar da kayan ayarin Timbuktu ke fita zuwa Turai. Yau an fi sanin garin da iska. Tana busowa daga arewa, ta fi tsanani a watannin Yuni, Yuli da Agusta. Na zaɓi wannan gari ne domin a cikin tafiyar da ba ta kai awa guda ba, arewa da kudu, akwai wurare uku, iska ɗaya ke busa su, amma kowanne da irin mutumin da ya dace da shi.

Na farko shi ne gaɓar garin. Doguwar gaɓa ce ta yashi, ta lanƙwasa. Gari da tashar masunta suna ƙarshenta na arewa. A gabanta akwai tsibirin Mogador, ya tsaya yana karya ƙarfin raƙuman da ke zuwa daga tsakiyar teku. Ƙasan ruwan yashi ne, zurfinsa a hankali yake ƙaruwa. Mafi muhimmanci, wanda iskar arewa ta ja, kudu zai yi, kuma a kudu yashin ya lanƙwaso yana jiran sa. Abin da zai same shi bai wuce doguwar tafiya a ƙafa yana ɗauke da kaya ba. Ga wurin shiga, ga wurin fita. Shi ya sa makarantun koyon wasan suka taru a nan.

Amma ko a cikin wannan gaɓa ɗaya akwai bambanci. Kusa da ganuwar gari, iskar ta ratso ta kan gine-gine, sai ta zo a yayyanke. Yanzu ta yi shiru, yanzu ta kawo bugu. Irin wannan iska ta fi gajiyar da mutum, gara mai ƙarfi wadda ta daidaita. In ka matsa kudu, iska ta miƙe tsaf, amma ka fara fita daga kariyar tsibiri, raƙuman ruwa sun fara girma. Ku lura da wannan ko'ina kuka je. Duk abin da ya tsaya tsakaninka da iska, dogon bene ne, dutse ne, kurmi ne, yana lalata ta har nisa mai yawa a bayansa. Taku ɗari biyu a kan yashi kan raba wahala da jin daɗi.

Na biyu, Sidi Kawki, kimanin kilomita 25 kudu da gari. Yashi ne shi ma, fili fetal. Sai dai babu tsibirin da ya kare shi. Teku na zuwa da dukan ƙarfinta. Wurin wanda ya riga ya iya ne.

Na uku, Mulay Buzarktun, arewa da gari, tazararsa kusan ɗaya da ta Sidi Kawki. Sunansa ya kai ko'ina a duniyar wannan wasa saboda manyan raƙumansa. Amma ƙasansa dutse ne. Shiga sai an san hanya, fita sai an san lokaci. Wanda ya kuskure, dutse zai ci allon, ya ci ƙafar. Hotunan da ake gani a intanet na gwanaye suna tashi sama a irin wannan wuri ake ɗaukar su, kuma hotunan nan su ke jan sabon shiga zuwa inda bai kamata ya je ba. Shaharar wuri ba ta nufin ya dace da kai.

Wani abu kuma da baƙo ba ya zato: sanyin ruwan. Iskar arewan nan tana kore ruwan sama daga gaɓa, sai ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Ko a tsakiyar zafi, ruwan Essawira yakan tsaya wajen digiri 20 ne. Ga wanda ya shiga ya fito, ba komai. Ga wanda kayansa suka karye ya yi awa guda a ciki, iska na dukan sa, sanyi ne zai fara kashe masa hannu. Shi ya sa suke sa rigar roba mai riƙe ɗumin jiki.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda masu hawan allon iska ke zaɓen wurin shiga teku. Mun ce wurin fita ake fara nema. Mun duba iska, mun duba gaɓa. Kashi na uku shi ne motsin ruwan kansa.

Teku tana cika tana janyewa. A yawancin gaɓar Atlantika, sau biyu take cika, sau biyu take janyewa a cikin awa 24 da kusan minti 50. Ma'ana, lokacin cikar yau zai jinkirta da kusan minti 50 gobe. Wata ne babban mai jan wannan ruwa, don haka mai lissafin kwanan wata ya riga ya sami rabin ilimin. Wajen tsayuwar wata da wajen sha huɗu ga wata, cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu, motsin ya fi ƙanƙanta. A gaɓar Maroko, bambancin cika da janyewa yakan kai wajen mita 3. A Bahar Rum kuwa ɗan kaɗan ne.

Me wannan ke nufi ga mai neman mashiga? Wurin da ka gani da safe, ba shi za ka tarar da la'asar ba. Dutsen da ke fili da hantsi, da azahar ya nutse, yana jiran ɗan fiffiken da ke ƙarƙashin allonka. Yashin da ka taso daga kansa, kafin ka dawo ruwa ya cinye shi, raƙumi na dukan bango. Saboda haka sabon wuri, je ka gan shi lokacin da teku ta janye ƙarshen janyewa. A lokacin ne take nuna abin da ta ɓoye: duwatsu, tsofaffin ƙarafa, turakun masunta, ramuka. Ka gan su da idonka, ka haddace inda suke.

Daga janyewa zuwa cika, kusan awa shida ne. Ruwan ba ya tafiya da gudu ɗaya. A awa ta uku da ta huɗu, rabin dukan ruwan ke motsawa. A lokacin jan ruwa ya fi ƙarfi, musamman a bakin kogi, da mashigin tashar jiragen ruwa, da tsakanin tsibiri da tudu. In kuma iska ta nufi gabas ruwa ya nufi yamma, sai su yi karo, raƙuman su miƙe tsaye, gajeru, a jere a jere. Bakin kogi lokacin da teku ke janyewa, a guje shi.

Akwai kuma jan ruwa na bakin gaɓa, wanda ya shafi kowa, har wanda wanka kawai ya je yi. Ruwan da raƙuma suka turo gaɓa dole ya koma. Yakan sami wata 'yar hanya ya bi ta da gudu zuwa ciki. Alamarsa: wuri ne siriri inda raƙuma ba sa fashewa, launinsa ya fi duhu, kumfa da tarkace na bin sa suna tafiya ciki. Ido na ganin sa kamar nan ne ya fi lafiya. In ya kama ka, kada ka yi kokawa da shi. Yi iyo ta gefe, bin tsawon gaɓa, har ka fita daga cikinsa, sannan ka nufo tudu.

Kashi na huɗu gajere ne: ƙarfin iska da lokacinta. Mutanen teku da not suke auna iska. Not ɗaya kilomita 1.85 ne a awa. Ɗan koyo, not 5 zuwa 12 ya ishe shi. In ka ga farin kumfa ya fara yawaita a kan ruwa, iska ta haura not 10 ke nan. Ku riƙe wannan lissafi: in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take dukan ƙyalle da shi ninki huɗu yake yi. Ninki huɗu. A wurare irin su Essawira kuma da safe iska na da sauƙi, rana na dukan ƙasa tana ƙara ƙarfi, ta kai ƙololuwa bayan azahar. Safiya ta ɗan koyo ce. Kada kuma a shiga dab da magariba. Iska kan faɗi tare da rana, kuma wanda ya ɓace cikin duhu, nemansa aiki ne.

Kashi na biyar: mutanen wurin. Manhajojin hasashen iska na waya suna da amfani, taswirar tauraron ɗan Adam ma na nuna maka lanƙwasar gaɓa tun kana gida. A yi amfani da su. Amma waya ba ta san inda aka kafa taru daren jiya ba. Da ɗan gari akan ci gari. Ka sami dattijon masunci yana gyaran koma a gindin kwalekwalensa, ka yi masa sallama, ka gaishe shi yadda ya kamata. Sannan ka ce, "Baba, in abu ya faɗa ruwa a nan, ina ake tsintar sa?" Amsar da zai ba ka ita ce amsar tambayar da muka faro da ita. Ka tambaye shi inda tarunsu yake, da hanyar da jiragensu ke bi. Kai wasa ya kawo ka, shi abincin iyalinsa yake nema. Hanyarsa ce a gaba.

Bayan haka ka zauna a kan yashi, ka ba ruwan minti 20 kana kallo. Ta ina 'yan gari ke shiga? Wane girman ƙyalle suka ɗaura? Wanda ya faɗi, ina ruwa ya kai shi? In rana ta yi kyau, iska na busawa, amma babu ko mutum ɗaya a cikin ruwa, kada ka ce ka tsinci dami a kala. Akwai dalili. Nemi dalilin.

'Yan uwanmu mazauna Legas, Kwatano, Lome da Akara, wannan taku ce. Gaɓarku kudu take fuskanta. Yawancin shekara iska daga kudu maso yamma take zuwa, daga teku, tare da raƙuma masu fashewa da ƙarfi a kan yashi mai gangara, ga jan ruwa mai tsanani. Lokacin hunturu kuwa, ranar da iskar arewa ta iso har bakin teku, ƙeyarku take duka, wato irin ta ukun nan ce da muka daɗe a kanta. Mai son koyo a wannan yanki ya nemi ruwan da ke da kariya, lungu ko tafkin bakin teku, nesa da hanyar manyan jirage, tare da malamin da ya san wurin.

Na ƙarshe, idan duk da haka hatsari ya faru. Tun kafin ka shiga, ka bar wani a gaɓa wanda ya san inda ka nufa da lokacin da za ka fito. Ka sa rigar hana nutsewa. In kaya sun karye, kada ka rabu da allon. Zan sake faɗa: kada ka rabu da allon. Shi ba ya nutsewa, kuma mai ceto ya fi saurin hango allo fiye da kan mutum a cikin raƙuman ruwa. Gaɓar da kake gani kusa, ta fi yadda kake zato nisa. Ka hau allon ka zauna. Ka miƙe hannayenka biyu gefe da gefe, ka riƙa ɗaga su sama kana sauke su a hankali, kana maimaitawa. Wannan alama ce ta neman agaji da ma'aikatan teku suka sani a duk duniya. Ka fara yin ta tun da sauran ƙarfinka, tun ana iya hango ka daga tudu. In ya zama dole, kwance sanda da ƙyallen ka bar su, ka kwanta a kan allon ka tuƙa da hannu.